Dashen Gaɓar Alade a Jikin Mutum da Haɗarin Ƙwayoyin Cuta

A ranar 7 ga Janairu, 2022, likitoci a asibitin Jami'ar Maryland da ke Amurka suka dasa wa David Bennett, mai shekara 57, zuciyar alade. An yi wa ƙwayoyin gadon aladen gyara guda 10 don kada jikin mutum ya ƙi zuciyar nan take. Ya rayu wata biyu, ya rasu ranar 8 ga Maris. Dalilin wannan gwaji shi ne ƙarancin gaɓoɓi: a Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ke jiran dashe, yawancinsu ƙoda suke nema.

Ɗalibin tauhidi zai fara da tambayar tsarki, tun da Littafin Firistoci sura 11 ya lissafa alade cikin dabbobi marasa tsarki. Markus 7 da Ayyukan Manzanni 10 sun sauƙaƙa mana wannan. Tambaya mai wuya ita ce ta cuta.

Bayan aikin, an gano wata ƙwayar cutar aladu mai suna PCMV a jinin Bennett. An gwada aladen kafin a ɗauki zuciyarsa, ba a ga kome ba, domin wannan ƙwaya takan laɓe cikin jiki shiru. Ba a sami shaida cewa ta kama naman jikinsa ba, amma likitocinsa sun lissafa ta cikin abubuwan da mai yiwuwa suka lalata zuciyar. Ku lura da halin mai karɓar dashe: ana ba shi magunguna masu danne garkuwar jikinsa don gaɓar ta zauna. Wato an shigo da baƙo gida, an kuma sallami mai gadi.

Ita PCMV ana iya kawar da ita ta wurin raba 'yan aladu da uwarsu da wuri da kiwonsu a keɓe. Akwai wata, PERV, wadda tsabtar kiwo ba ta isa gare ta ba, gama tana cikin ƙwayoyin gadon kowane alade, da ita ake haifarsa. A 1997 masu bincike a Landan suka nuna tana iya kama ƙwayoyin jikin mutum a ɗakin gwaji. Amma a 1999 aka duba mutum 160 da aka taɓa yi wa magani da ɗanyen sassan alade, ba a sami wanda ta kama ba. Ƙodar da aka dasa wa Richard Slayman a Boston cikin Maris 2024 ta fito ne daga aladen da aka kashe wannan ƙwaya a gadonsa.

To, me ya sa hankali bai kwanta ba? Domin an taɓa ganin cuta ta tsallako daga alade. A Malesiya, tsakanin 1998 da 1999, cutar Nipah ta bi daga jemagu zuwa aladu zuwa masu kiwo. Ta kashe mutum fiye da 100, aka hallaka aladu sama da miliyan 1. A ganina haɗarin dashe ƙarami ne, sai dai in ya auku ba zai tsaya kan majinyaci ba.

Nan ne batun ya shafi aikin fasto. A kowane gwajin magani mutum yana da 'yancin janyewa in ya ga dama. A wannan kuwa ƙa'idodin hukumar magunguna ta Amurka sun bukaci a riƙa duba majinyaci muddin ransa, kada ya ba da jini, a kuma ajiye samfurin jininsa shekara 50. Ana so ya sanar da na kusa da shi, su ma su daina ba da jini. Mutum ɗaya ne ya sa hannu a takarda, ga shi kuma yana bakin mutuwa, inda ƙin yarda ke da wuya. Matar da za ta kwana ɗaki ɗaya da shi, da ma'aikaciyar jinya mai wanke masa rauni, sun shiga cikin alkawarin da ya ɗauka.