Hanyar hajji ce ta kawo Tijaniyya ƙasar Hausa

Shehu Ahmadu Tijani, wanda ya kafa ɗariƙar Tijaniyya, an haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a shekarar 1737, ya kuma rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Ɗariƙarsa ta iso ƙasar Hausa ta hanyar hajji. Alhaji Umaru Futi, a komowarsa daga Makka, ya yada zango a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri ɗiyarsa, alhali gidan na Ƙadirawa ne.

A 1937 kuma, Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, ƙasar Senegal, ya gamu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero wajen aikin hajji. Daga Kano koyarwarsa ta bazu cikin birane da ƙauyukan Nijar. Abin bai tafi salin alin ba: gardamar kabalu da sadalu, wato kama hannuwa ko sakinsu cikin salla, ta raba masallatai da dama.

A Kiyota, cikin Boboye, Shehu Abubakar Hashim ya auri ɗiyar Shehu Ibrahim, garin kuma ya zama babbar mahaɗar masu Maulidi.