Jaririn da Ba a Gane Namiji Ne ko Mace Ba: Asibiti Kafin Suna

Jama'a makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, ga taƙaitaccen bayanin shirinmu na lafiya na wannan mako.

Ku masu shanu kun sani: in saniya ta haifi tagwaye, maraƙi da maraƙa, galibi maraƙar ba ta haihuwa. Jininsu ne ya haɗu tun a ciki, sinadaran namijin suka taɓa halittar macen. To, ɗan Adam ma sinadaran jiki ne ke tsara al'aurarsa tun yana ciki. In suka yi yawa ko suka gaza, sai a haifi jaririn da ake cewa mata-maza. Ba aikin iska ba ne, ba laifin uwa ba ne.

Sanadin da aka fi gani shi ne cutar da likitoci ke kira CAH, mai samun kamar jariri 1 cikin 15,000. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai samar da sinadarin riƙe gishiri da ruwa a jiki. In ya samu tangarɗa, sai ya riƙa zubo sinadarin maza fiye da kima. Jaririya mace sai ta fito kamar namiji, alhali mahaifarta na nan lafiya lau. Shi namiji ba a ganin komai sai duhun fatar maraina.

Ga inda haɗarin yake. A mako na 2 zuwa na 3, gishirin jikinsa ya kan zube: amai, ƙin nono, rama, maɗiga ta faɗa. In ba a hanzarta ba, ana iya rasa shi.

Don haka, in ungozoma ta yi shakka, ko aka ce namiji ne amma ba a ji 'yan marainansa duka biyu ba, ku nufi babban asibiti, kamar asibitin ƙasa na Yamai ko na Damagaram, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, Kano ko Maiduguri. Za a auna gishirin jini da sinadarai, a yi hoton ciki a duba mahaifa, a yi gwajin ƙwayoyin halitta: XX ko XY. Kafin nan, kada wanzami ya taɓa wurin, ba kaciya, ba yanka.

Akwai magani. Ƙwayoyi ne da ake sha kullum har tsawon rai, kuma yaro zai girma ya yi kiwo, ya yi kasuwa. In za ku tashi da dabbobi ko ku ƙetare iyaka, ku riƙe maganin da zai ishe ku, da takardar likita.

Cutar gado ce. In uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4, shi ya sa ta fi fitowa a auren zumunci. In kun taɓa rasa jariri da amai a makonnin farko, ku gaya wa likita tun wajen awo.

Ragon suna na iya jira, amma jaririn da gishirinsa ke zuba ba ya jira. Allah ya raya mana zuri'a.