Tsohuwar Zuma: Abubuwan da Ake Kewa a Tsofaffin Manhajojin Kwamfuta

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa kula da ɗakin kwamfuta a makarantar sakandare a Kankiya ko Kusada ya san da wuya a sami na'urori biyu da suka yi kama da juna ciki da bai. Wata gwamnati ce ta kawo, wata tsofaffin ɗalibai ne suka bayar gudummawa, wata kuwa ta hannu ce aka sayo a Kano. In an kunna su, sai a tarar wannan tana ɗauke da Windows 7, waccan Windows 10, can a lungu kuma ga wata mai Windows 11. Ɗalibin da ya ƙware a kan ɗaya, da zarar ya koma kan 'yar'uwarta sai ya shiga lalube kamar baƙo a kasuwa. Su kuwa malamai, sau da yawa hukuncinsu ɗaya ne: tsohuwar ta fi daɗin aiki.

Maganar ba ta wasa ba ce. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, saboda haka ɗan ƙauye da ɗan birni duk dole su san kan na'urar. Bugu da ƙari, a ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kulawa ta yau da kullum. Wannan maƙala za ta duba abubuwan da ake kewa a tsofaffin manhajoji, da dalilan cire su, da abin da ya kamata makarantu su yi. Za mu ari wasu misalai daga ilimin halittu, domin abin da ke faruwa da manhaja yana da makamanci a jikin dabbobi da tsirrai.

Mece ce Babbar Manhaja?

Kwamfuta kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, wato ƙarafa da wayoyi da allo, akwai kuma manhaja, wato jerin umarnin da ke sa gangar jikin aiki. A cikin manhajoji akwai uwarsu, wadda ita ce take fara tashi in an kunna na'ura, ita take raba wa sauran wurin ajiya da lokacin aiki, ita kuma take sada mutum da na'urar. Ita muke kira babbar manhaja. Matsayinta kamar na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne a jikin ɗan Adam: hannu da ƙafa suna nan, amma ba sa motsi sai da saƙo daga sama. Windows ita ce aka fi sani a ƙasar nan, kuma ta sha sauya kama: Windows XP a 2001, Windows 7 a 2009, Windows 8 a 2012, Windows 10 a 2015, sai Windows 11 a 2021.

Abubuwan da Aka Fi Kewa

Na farko shi ne rashin nauyi. Windows XP tana iya tashi da ƙwaƙwalwar aiki mai megabait 64 kacal, da wurin ajiya gigabait 1.5. Windows 11 kuwa ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 64 na wurin ajiya. Wato ƙwaƙwalwar da ake bukata ta ninka sau 64, wurin ajiya kuma ya ninka fiye da sau 40, alhali wasiƙar da sakataren makaranta yake bugawa ba ta ƙara tsawo ba. Har ila yau, Windows 11 tana neman wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutoci ba su da shi, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau.

Na biyu shi ne cin gashin kai. A da, ana ɗora manhaja daga faifai, a ba na'ura suna, a kama aiki, ba tare da ta taɓa leƙa intanet ba. Windows 11 kuwa tana neman a haɗa ta da intanet a kuma buɗe asusu da kamfanin tun wajen saita ta. Haka nan sababbin manhajojin sukan sauko da gyare-gyare masu nauyi da kansu, wani lokaci su nemi a sake kunna na'ura. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta yankewa, wannan ƙaramin abu ne. Amma ga makarantar da ke sayen man janareta na awa biyu, take kuma sayen data da kuɗin aljihun malami, rabin awar da aka ɓata ana kallon allo rabin darasi ne ya tafi.

Na uku shi ne maɓallin Start, wanda ya zo da Windows 95 ya zauna a kusurwar hagu ta ƙasan allo shekara 17. A 2012 Windows 8 ta cire shi, ta kawo manyan akwatuna masu launi waɗanda suka fi dacewa da allon da ake taɓawa da yatsa. Ƙorafi ya yi yawa har aka dawo da maɓallin a Windows 8.1 a 2013, aka kuma dawo da jerin da ke ƙarƙashinsa a Windows 10. Da Windows 11 ta fito, sai ta matsar da shi tsakiya. Mai karatu zai iya cewa ai sabo ne kawai, kuma sabo turken wawa. Amma ilimin jijiyoyi ya nuna aikin da aka maimaita sau dubbai yakan zama jiki, har hannu ya riƙa yin sa ba tare da tunani ba, kamar tuƙa keke. In aka sauya wa abu wuri, dole ƙwaƙwalwa ta koma koyo daga farko, kuma koyon yana cin lokaci.

Na huɗu su ne ƙananan manhajojin da ke zuwa kyauta. An daina samar da Movie Maker, mai sauƙin haɗa bidiyo, a 2017. An cire WordPad, wadda mai ƙaramin ƙarfi ke buga takarda da ita, a 2024. Tun daga Windows 8 aka daina kunna faifan fim na DVD kai tsaye. Hatta wasanni suna da amfaninsu: wasan karta na Solitaire, wanda ya zo a 1990, ya koya wa miliyoyin mutane yadda ake jan abu da linzamin kwamfuta a ajiye shi wani wuri.

Mu Hausawa muna da namu labarin. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta damar buga ƙ da ɗ da ɓ. Dabarar ita ce ɗora haruffa masu lanƙwasa a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. An rubuta littattafai da kundaye masu yawa da su. Sai dai in aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da salon, sai alamomi irin su } da ] da ~ su bayyana a tsakiyar kalma. A yau tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, kuma wannan ci gaba ne babba, amma tsofaffin kundaye da yawa suna nan suna jiran mai juya su.

Me Ya Sa Ake Cire Su?

A wasu koguna na ƙarƙashin ƙasa a Meziko akwai wani kifi mai suna Astyanax mexicanus. 'Yan'uwansa na sarari suna da idanu, shi kuwa na cikin duhu ya rasa nasa. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne ido da sashen ƙwaƙwalwar da ke masa hidima suna cin kuzari mai yawa, a wurin da abinci ya yi ƙaranci kuma babu abin gani. Gaɓar da ɗawainiyarta ta fi amfaninta, a hankali sai ta shuɗe.

Haka abin yake ga manhaja. Kowane sashe da aka bari yana bukatar ma'aikatan da za su gwada shi, su gyara shi, su toshe ƙofofin da ɓarayi za su iya bi. Wani injiniyan Microsoft, Raymond Chen, ya bayyana yadda wasan Pinball na Windows XP ya salwanta: da aka zo mayar da shi kan sabon tsarin na'ura, sai ƙwallon ya riƙa ratsa abubuwa yana wucewa, ga shi wani kamfani ne daban ya rubuta wasan tun asali, ba a sami mai gane kansa ba, ga lokaci ya ƙure. Shi kuwa DVD, kuɗin lasisin da ake biya a kan kowane kwafi ne ya sa aka ajiye shi.

Amma misalin yana da iyaka. Kifi muhallinsa ne ya sauya shi. Manhaja kuwa mutane ne suke zama su yanke shawara, suna duban riba, suna kuma auna bukatun masu saye a Amurka da Turai, inda intanet da wuta suka wadata. Muhallin Kusada ba ya cikin lissafinsu. Akwai wani misalin da ya fi kusa da halinmu. Akuya da saniya jikinsu yana haɗa bitamin C da kansa, ɗan Adam kuwa ƙwayar gadon da ke wannan aiki ta daina aiki a jikinsa, sai dai ya samu daga abinci, kamar lemo da goba da tumatir. Muddin akwai su, babu matsala. In suka yanke, sai dasashi ya fara jini. Manhajar da ta dogara ga intanet haka take: lafiya lau take inda sadarwa ta wadata, amma nakasasshiya ce inda babu.

Burbushin da Ya Rage

Ba kome ne ke ɓacewa ƙurmus ba. In aka duba mesa kusa da gindin wutsiyarta, za a ga 'yan ƙumbuna biyu, ɗaya a kowane gefe, waɗanda masana suka tabbatar ragowar ƙafafun baya ne. Kwamfuta ma tana da irin nata. Me ya sa ake kiran babban rumbun ajiya da harafin C, ba A ba? Saboda A da B an keɓe su ne ga faifan filofi, wanda na ƙarshen yayinsa ke ɗaukar megabait 1.44, wato bai isa ya riƙe hoto ɗaya mai kyau na wayar zamani ba. Kamfanin Sony ya daina ƙera shi a 2011, amma hotonsa yana nan a matsayin alamar adana aiki a manhajoji da dama. Ga gwaji ga ɗalibai: ku buɗe sabuwar jakar fayil ku yi ƙoƙarin sa mata suna CON. Na'urar za ta ƙi, domin tun zamanin MS-DOS na 1981 aka keɓe wannan suna ga allo da madannai.

Hatsarin Riƙe Tsohuwa

To, me zai hana a ci gaba da tsohuwar? Manoma sun san amsar. A 1975 annobar rozet, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa, ta yi wa gyaɗa mummunar ɓarna a arewacin Nijeriya, domin irin da ake shukawa ba shi da juriyar cutar. Sai da masu bincike, ciki har da na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, suka fitar da iri masu juriya.

Manhajar da aka daina kula da ita tamkar wancan iri take. An daina aika wa Windows XP gyaran tsaro a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle bayanan kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Ta shiga ne ta wata tsohuwar hanyar musayar fayil da aka bari a buɗe. Abin lura shi ne kamfanin ya fitar da maganin tun watan Maris, amma masu na'urorin da yawa ba su ɗora ba. Ashe gyare-gyaren nan da ke cinye mana data su ne allurar rigakafin.

Shawara ga Makarantu

Da farko, kada a zubar da kwamfuta don kawai ta tsufa. Mai Windows 7 tana iya koyar da buga rubutu da lissafi da atisayen jarrabawa, muddin an raba ta da intanet, an kuma hana kowa soka mata filas ɗin da ba a bincika ba. Na biyu, kwamfutar da ake yin rajistar ɗalibai ko harkar kuɗi da ita, lallai ta kasance mai samun gyaran tsaro. Na uku, akwai manyan manhajoji na kyauta daga dangin Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, waɗanda wasu nau'o'insu ke tafiya sumul a tsofaffin na'urori. LibreOffice tana buga takardu, VLC kuma tana kunna faifan fim, duk kyauta. Na huɗu, a adana muhimman takardu a wuri biyu, a kuma juya tsofaffin rubuce-rubucen Hausa zuwa Unicode tun akwai na'urar da ke iya buɗe su.

Kammalawa

Babban darasin na malamai ne. Ɗalibin da aka koya wa cewa ya danna kusurwar hagu, ranar da maɓalli ya koma tsakiya ya rikice. Wanda kuwa ya fahimci mene ne fayil, ina yake zama, yaya ake nemo shi, zai yi aiki da kowace na'ura aka ajiye masa a zauren jarrabawa. A ajin halittu ba a sa yaro haddace kamannin ganye ɗaya, aikin ganye ake koya masa, don ya gane shi a jikin kuka ko a jikin dawa. Gaskiya ne da tsohuwar zuma ake magani, kuma bambancin kwamfutocin ɗakunanmu, wanda muke gani kamar aibu, dama ce ta koyarwa: a zaunar da ɗalibi gaban kowace ɗaya, a ba shi aiki iri ɗaya, a bar shi ya gano abin da ya sauya da abin da bai sauya ba.