Nazarin Afirka a Jami'o'in Duniya: Wa Ke Biya, Wa Ke Cin Moriya?

Mutanenmu kan riƙe baki idan suka ci karo da Bature ko Basine yana jin Hausa kamar jakin Kano. Wasu su ce baiwa ce, wasu su ce ɗan leƙen asiri ne. Gaskiyar magana, da yawansu an yaye su ne daga wasu cibiyoyi da manyan jami'o'i suka kafa domin nazarin yanki guda na duniya. Akwai na Gabas ta Tsakiya, akwai na Kudancin Asiya, akwai kuma na Afirka, wanda ya shafe mu kai tsaye. Ya kamata mu san yadda suke aiki, domin harshenmu da tarihinmu da littattafan kakanninmu suna cikin abin da ake jujjuyawa a can.

A al'adar jami'a, ilimi a rarrabe yake: masanin tarihi na sashensa, masanin harshe na nasa, haka masanin tattalin arziki. Cibiyar nazarin yanki sai ta tara su a inuwa ɗaya, tunda wuri ɗaya suke nazari. Wanda zai binciki kasuwar Kurmi, alal misali, yana bukatar tarihin fatauci da fikihun ciniki da lissafin riba, kuma dole ya ji Hausa. Aikin irin wannan cibiya kashi uku ne: bincike da koyar da harsuna, ba masana tallafi, da kuma raya fasaha.

Ba don Allah aka soma abin ba. Makarantar SOAS ta Landan an kafa ta a 1916 domin horar da jami'an mulkin mallaka da sojoji da 'yan kasuwa, sai a 1938 aka ƙara Afirka a cikin sunanta. G. P. Bargery, mai shahararren ƙamusun Hausa na 1934, ya koyar a can. Jamusawa sun riga Turawan Ingila, domin tun 1887 suka buɗe makarantar koyon harsunan ƙetare a Balin. Faransawa kuma suka kafa cibiyar IFAN a Dakar a 1936. Dalilin a fili yake: mai mulkin mutane yana son sanin harshensu da shari'arsu da yadda ake karɓar haraji a wurinsu.

A Amurka, Melville Herskovits ya buɗe shirin nazarin Afirka a Jami'ar Northwestern a 1948. Amma kuɗi na gaske ya shigo ne bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik a 1957. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka yi doka a 1958 wadda ta ware kuɗi domin koyar da harsunan da ba a saba koyarwa ba. Ta wannan ƙofa Hausa da Suwahili suka zauna da gindinsu a jami'o'i irin su Wisconsin da Indiana da UCLA. An samu ayyuka masu amfani ƙwarai, kamar babban littafin nahawun Hausa da Paul Newman ya wallafa a 2000. Sai dai kuɗin, siyasa yake bi. Da aka gama yaƙin cacar baka, tallafi ya ja baya. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma, sai hankali ya koma kan Musulunci da tsaro a yankin Sahel. Wanda ya biya shi ke da babban baki wajen zaɓen tambayar da za a bincika.

Shugabanni da masanan Afirka sun gane haka tun da wuri. A Gana an kafa Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon a 1961, kuma da Kwame Nkrumah ya zo buɗe ta a 1963 ya nace a riƙa nazarin nahiyar da idon mutanenta. A wannan cibiya aka tattara rubuce-rubucen Larabci da Hausa na malaman zango, har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934. Jami'ar Ibadan ta kafa tata a 1962 a zamanin shugabanta Kenneth Dike. A Yamai an buɗe cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda yanzu aka sani da CELHTO. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta biyo baya a 1969, sannan Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Ko a ƙetare an kai ruwa rana: a taron Montiriyal na 1969 masana baƙar fata sun tsayar da taron ƙungiyar nazarin Afirka ta Amurka, suna ƙorafin cewa fararen fata sun mamaye fagen.

Batun tallafi shi ne ya fi jan hankalin matasanmu, kuma nan ake yawan ruɗewa. Gurbin karatu daban, tallafin bincike daban. Na farko na ɗalibi ne mai neman digiri. Na biyu kuwa galibi na wanda ya riga ya yi nisa ne, yana da aiki a hannu amma ɗawainiya ta hana shi kammalawa. Sai a ɗauke masa nauyin koyarwa na wata uku ko shekara guda, a ba shi masauki da kuɗin guzuri da ɗakin karatu, a haɗa shi da abokan sana'a masu gyara masa rubutu. Ga malamin da ke fama da aji mai ɗalibai ɗaruruwa da tulin takardun jarrabawa, wannan sararin ya fi kuɗin daraja.

Shirin Fulbright na Amurka, wanda aka fara a 1946, yana da reshen da ke kai matasan malamai su koyar da harsunansu na shekarar karatu guda, kuma Hausa na ciki. Jamus tana da hukumar DAAD da gidauniyar Humboldt. Gidauniyar Leventis ta ɗauki nauyin malaman jami'o'in Nijeriya su yi 'yan watanni a SOAS. A 2008 kuma aka soma wani shiri da kuɗin gidauniyar Carnegie domin masana adabi da tarihi da makamantansu a Nijeriya da Gana da Tanzaniya da Yuganda da Afirka ta Kudu.

Masu tantancewa ba yawan takardun shaida ke burge su ba. Suna son ganin tambaya guda ƙwaƙƙwara, da inda za a samo amsarta, da tsawon lokacin da aikin zai ci, da abin da zai ƙara a kan binciken da ya gabata. Wanda ya ce zai rubuta tarihin ƙasar Hausa gaba ɗaya cikin wata shida ya kayar da kansa. Wanda ya ce zai bi diddigin yadda marinar unguwa guda ta sauya tun shigowar shuɗin kanti, shi za a saurara. A kuma kiyaye: tallafi na gaskiya ba ya bi ta hannun dillali. Duk wanda ya turo saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗi domin ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne. A shiga shafin jami'ar ko na ofishin jakadanci a tabbatar.

Fasaha kuwa ta shigo ne saboda ilimin Afirka mai yawa ba a takarda yake ba. Yana bakin makaɗan fada, da hannun masaƙa, da zanen bangon soro. Shi ya sa cibiyar Legon ta kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta ƙasa a 1962, ƙarƙashin masanin kiɗa Kwabena Nketia da Mawere Opoku. A Bayreuth ta Jamus, Ulli Beier, wanda ya daɗe a ƙasar Yarabawa, ya buɗe gidan fasaha na Iwalewa a 1981, inda ake gayyato masu zane da makaɗa su zauna su yi aiki. Finafinan Hausa da littattafan soyayya ma, waɗanda a gida aka daɗe ana yi musu kallon hadarin kaji, sun zama abin nazari ta hannun masana irin su Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Graham Furniss na SOAS da Brian Larkin a Amurka.

Inda ya kamata kowane gida ya yi hattara shi ne batun tsofaffin littattafai. Dubban takardun malami kuma falke Umaru Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, suna ɗakin karatu na Northwestern. Sun tsira daga gara da yoyon damina, amma sun yi wa ɗalibin Kano nisa. Yanzu akwai hanya mafi adalci. Shirin ceto tsofaffin takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, hoto kawai yake ɗauka, asalin ya zauna a ƙasarsa, kowa kuma ya karanta a intanet kyauta. Jami'ar Boston ma ta yi irin wannan da rubutun ajami. Saboda haka in mai bincike ya yi sallama, a karɓe shi da mutunci, amma a tambaye shi wa ya aiko shi da abin da zai yi da bayanin. Kada a sayar da gafakar kaka. A yi yarjejeniya a rubuce, a karɓi kwafi, a kuma nemi a ambaci sunan mai littafi. Malamai da yawa sun yi wa Turawa jagora a bincike, amma iyakarsu layin godiya.

Sauran aiki namu ne. Hukumar TETFund tana ba malaman jami'o'in Nijeriya kuɗin bincike, amma attajiranmu ma za su iya ɗaukar nauyin masani guda a Gidan Arewa ko a Yamai kowace shekara, kamar yadda suke gina azuzuwa. Sannan lokaci ya yi da mu ma za mu yi nazarin wasu. Rediyon Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a jami'a a Beijin. Mu kuwa 'yan kasuwarmu na zirga-zirga Guwanzu da Dubai, majinyatanmu na tafiya Indiya da Masar, akasari sun dogara da tafinta. Jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram suna bukatar cibiyoyi masu ƙarfi na nazarin Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa, da kuɗinmu, domin amsa tambayoyin da suka dame mu. Wanda ya san abokin cinikinsa ciki da waje, da wuya a yi masa sakiyar da ba ruwa.