Gizo-gizon Satumba da Kwalbar Fiya-fiya

Saƙon ya shigo wayata sau huɗu cikin kwana biyu. Farko a zauren WhatsApp na 'yan uwa mazauna arewacin Ingila, sai a na iyayen yaran Islamiyya. Daga nan wata ƙanwata da ta zo karatu makonni uku da suka wuce ta turo mini shi da ƙarfe ɗayan dare, ta haɗa da tambaya: "Yaya, don Allah wannan gaskiya ne? Yanzu na ga wani a banɗaki, wallahi ya kusa tafin hannuna." Na huɗun daga Kano ya zo, daga wata gwaggonmu da ba ta taɓa taka Ingila ba, amma labarin halin da muke ciki ya iske ta, har ta sa mu a addu'a.

Ga abin da saƙon ya ƙunsa. Wai sanyi ya koro gizo-gizo masu dafi suna ta kwarara cikin gidaje. Wai suna biyo bututun bahon wanka su hauro. Wai suna shiga bakin mai barci, suna yin ƙwai a ƙarƙashin fata, kuma cizon wani daga cikinsu yana kashe yaro kafin gari ya waye. A ƙarshe aka kawo magani: a kulle tagogi da ƙofofi, a yayyafa fiya-fiya a kusurwoyin ɗaki kafin a kwanta, a watsa ƙwallayen kafur ƙarƙashin gadon yara da cikin kayan jarirai. Babu sunan wanda ya rubuta, kamar kullum. Sai umarnin a tura wa wasu don a ceci rai.

Ban ga laifin ƙanwata ba. Duk wanda ya taso a inda ake kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, dole gabansa ya faɗi idan abu mai ƙafa takwas ya ratsa kafet da gudu. Mun kuma girma da maganar tautau, wanda ake cewa in ya bi jikin mutum sai fata ta tashi. Ɗalibanmu kuwa galibi a Satumba suke sauka, daidai lokacin da abin ke kan ganiyarsa, ga baƙunta, ga kaɗaici, ga dare ya fara tsawo.

Saƙon yana da gaskiya a wuri ɗaya: ana ganin manyan gizo-gizo a gidajen Birtaniya daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Oktoba fiye da kowane lokaci. Sai dai ba sanyi suke gudu ba. Wannan babban mai ruwan ƙasa, mai dogayen ƙafafu, da yawansu a cikin gidan aka ƙyanƙyashe su, a bayan kabad, a ƙarƙashin daɓen katako, a gareji ko ɗakin ajiya, kuma sun yi watanni suna zaune da ku ba ku sani ba. A ƙarshen lokacin zafi mazan ke balaga, su bar saƙarsu su fita neman mata. Wanda ya gitta gabanku a falo ango ne mai neman gidan amarya. Masana a Jami'ar Gloucestershire, ƙarƙashin Farfesa Adam Hart, sun tattara rahotanni kusan 10,000 daga gidajen jama'a, suka samu cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gani maza ne, an fi ganinsu a tsakiyar Satumba, kuma wajen ƙarfe bakwai da rabi na yamma, wato sa'ad da mutane ke zaune a falo suna kallon talabijin. Wasu kan shigo daga waje ta taga ko ƙarƙashin ƙofa, wannan ma haka ne. Bayan barbara namijin ba ya daɗewa yake mutuwa. Shi ya sa kafin Nuwamba abin ke lafawa da kansa, ko an yi magani ko ba a yi ba.

Sauran maganganun ba su cancanci dogon bayani ba. Gizo-gizo ba ya haurowa ta bututun baho, domin akwai lanƙwasa cike da ruwa a ƙarƙashin kowane baho. Faɗawa yake yi daga sama ya kasa fita saboda santsi, in ka rataya tawul a gefe zai hau ya yi tafiyarsa. Ba ya yin ƙwai a jikin mutum, a cikin jakar saƙa yake naɗe ƙwansa. Zancen haɗiye takwas a shekara cikin barci kuwa tatsuniya ce da ko Gizon Ƙoƙi zai ji kunyar bayarwa.

Maganar dafi ita ce ke buƙatar a ɗan tsaya. A Birtaniya akwai nau'in gizo-gizo kusan 650, kuma waɗanda ke iya huda fatar mutum ba su wuce goma sha wani abu ba. Wanda jaridu suka fi yayatawa shi ne Steatoda nobilis, mai sheƙi, mai zagayayyen ciki, ɗan asalin tsibiran Kanari da Madera, wanda aka fara gani a kudancin Ingila tun 1879. Yana cizo, amma sai an matse shi, misali a cikin riga ko zanin gado. Zafin yakan yi kama da harbin zuma ko rina, wurin ya kumbura, ya sace cikin kwana ɗaya ko biyu. Wasu mutane abin yakan fi musu tsanani, wasu kuma ƙwayoyin cuta kan shiga wurin ya zama gyambo, musamman in an yi ta susa. Har makarantu an taɓa rufewa saboda shi a gabashin Landan a Oktoban 2018. Duk da haka babu wani rahoto tabbatacce na mutumin da dafin gizo-gizon Birtaniya ya kashe. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu, ya ɗora abu mai sanyi. In ja yana yaɗuwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kira layin lafiya na 111. In fuska ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, lambar gaggawa ta 999 ce ba jira.

Da a nan saƙon ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Tsoron banza ne, zai wuce da wata. Layin ƙarshen nan na fiya-fiya da kafur shi ya hana ni barci, domin na san akwai su a gidajenmu. Mun san yadda suke shigowa: a ƙasan akwati, tsakanin kuka da daddawa da kilishi, an naɗe kwalbar a leda uku. Wasu kuma a bayan kanta suke saye a ɓoye.

Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper, wanda ake kira DDVP ko dichlorvos, guba ce da ke aiki a kan jijiyoyi. A jikin ƙwaro da na ɗan Adam akwai wani sinadari da aikinsa shi ne ya tsayar da saƙon da jijiya ta aika wa tsoka bayan saƙon ya isa. Gubar nan shi take toshewa, sai saƙon ya yi ta zuwa ba tsayawa. Yawu ya yi ta zuba, hawaye da gumi su ɓalle, ƙwayar ido ta tsuke, amai da gudawa su biyo, tsoka ta riƙa rawa, ƙirji ya cika da majina, numfashi ya gagara. Ba sai an sha ba. Yana tashi ya zama tururi a shaƙe shi, yana kuma ratsa fata. Birtaniya ta dakatar da sayar da magungunan ƙwari na gida masu ɗauke da shi tun 2002. A Nijeriya ma hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna a 2019, domin asalinsa kayan gona ne.

Na san abin da za a ce mini: ai mun yi shekara da shekaru muna amfani da shi a gida, ga mu da ranmu. To, a tuna wane irin gida. A can akan yayyafa a fita tsakar gida a sha iska, taga a buɗe, ƙofa da labule, ƙasa siminti ne da za a wanke da safe. Ko da hakan ma ana samun iyalan da ake kwasa zuwa asibiti. Gidan Ingila a watan Oktoba kuwa tukunya ce da murfi. Tagogi gilashi ne mai ninki biyu da aka yi don kada iska ta ratsa, hita na aiki tana ƙara wa gubar saurin tashi, kafet yana shanye abin da aka zuba yana sakinsa a hankali. A kan wannan kafet ɗin jariri ke rarrafe, yana sa hannu a baki. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, jikinsa kuma ƙarami ne, don haka abin da zai sa uwa ciwon kai shi zai iya kwantar da shi. Mai asma kuwa ba a magana. Saƙon da ya ce a kulle tagogi a kwana a ciki ya zaɓi hanya mafi muni da za a iya bi.

Kuma a gidajen haya masu hawa-hawa, iskar ɗakinka ba taka ce kai kaɗai ba. A Disamban 2021 wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu a unguwar Shadwell da ke gabashin Landan, bayan wata maƙwabciya a benensu ta sa maganin kuɗin cizo da ta shigo da shi daga Italiya. Gubar ta bi iska ta haura ɗakin su yarinyar. Wancan sinadarin daban ne da fiya-fiya, amma hanyar ɗaya ce: magani mai ƙarfi da aka shigo da shi a jaka, gida a rufe, niyya mai kyau. Matar ta amsa laifinta a kotu a 2024. Garin neman gira aka rasa ido.

Kafur ya fi ba ni tsoro ta wani ɓangaren, saboda ba mu ɗauke shi guba ba. Ƙamshin akwatin kakanninmu ne. Farin ƙwallon nan da muke kira kafur yawanci naftalin ne, kuma an hana sayar da shi a matsayin maganin asu a ƙasashen Tarayyar Turai tun 2008, lokacin Birtaniya na ciki. Mu abin ya fi shafa. Akwai wani yanayi na gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, ya yi yawa a tsakanin 'yan Afirka ta Yamma da sauran wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, ya kuma fi bayyana ga 'ya'ya maza. Mai shi yakan rayu lafiya lau, da yawa ba su ma san suna da shi ba, har sai jikinsu ya haɗu da wasu abubuwa da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Naftalin na cikinsu. Ga jariri sabon haihuwa, sa masa kayan da suka kwana da kafur kaɗai na iya jawo shawara mai tsanani, ido da fata su yi rawaya, in ba a gaggauta ba ta taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan. Ɗan shekara biyu kuma da ya tsinci farin ƙwallo ƙarƙashin gado, alewa yake gani. Duk wannan kasadar, ban san wata hujja da ta nuna kafur a ƙarƙashin gado na hana namijin gizo-gizo yawonsa ba.

Shi ya sa haushina ya fi yawa a kan wanda ya zauna ya tsara saƙon, da masu ilimin cikinmu da suka tura shi ba su karanta layin ƙarshe ba. Na tambayi ɗaya daga cikinsu, dattijo ne da nake girmamawa. Ya ce, "Ai ni ma haka aka turo mini, na ce ko zai amfani wani." Na ce, "Baba, in wani ya bi shi yaronsa ya kwanta, daga wayarka ya fito." Ya yi shiru, daga baya ya goge.

Wanda abin ya dama, hanyoyin raguwarsa masu sauƙi ne. A toshe ƙarƙashin ƙofa da tsagar taga. A bi bayan kujeru da kabad da injin zuƙe ƙura, a cire saƙa da jakar ƙwai. A rage tarin kwalaye da kaya a ƙasa, a janye gado daga jikin bango. In an ga ɗaya, a kife masa kofi, a zura kwali a ƙarƙashi, a kai shi gareji ko bayan gida. Wanda ba zai iya ba, takalmi ma ya wadatar. Man na'a-na'a da ake yawan faɗa, an gwada an ga wasu nau'o'in na guje masa, wasu ko a jikinsu, kuma yana cutar da kyanwa. 'Ya'yan itacen nan masu ruwan ƙasa da Turawa ke jerawa a bakin taga kuwa kada a dogara da su. In gidan haya ne kuma abin ya wuce misali, a gaya wa mai gidan ya kawo ma'aikata masu lasisi.

Wanda ya riga ya yayyafa, ya fitar da kowa, ya buɗe duk tagogi, ya cire kayan da abin ya taɓa, ya wanke fata da ruwa da sabulu. In yaro ya haɗiye kafur ko ya taɓa fiya-fiya, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A kira 999, a tafi da kwalbar, a faɗa wa likita gaskiyar abin da aka yi amfani da shi, kada tsoron hukuma ya sa a ɓoye. Akwai maganin wannan guba a asibiti, amma sai sun san da me suke faɗa.

Ƙanwata dai ta kife wa nata kofi da safe, ta turo mini hoto. Namiji ne, ga 'yan dunƙulen nan biyu a gaban kansa kamar ɗan dambe ya ɗaura zare. 'Yan uwa, duk mai kwalbar nan a kabad, kada ya zuba ta a magudana ko kwandon shara. Ya kira ƙaramar hukumar unguwarsa ya tambayi inda ake karɓar shara mai guba. Kafur kuma a fitar da shi daga kayan jarirai yau, a wanke kayan kafin a sake sa musu.