Buɗe Famfon Waje Bayan Hunturu

A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Kanada da arewacin Amurka, akan tsayar da ruwan famfon waje tun kafin hunturu, domin idan ruwa ya daskare yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100, har ya tsaga bututu.

To, idan sanyi ya wuce, wajen watan Afrilu, sai maigida ya buɗe makullin ruwa na cikin gida sannu a hankali. Sa'an nan ya kunna famfon, ya toshe bakinsa da babban yatsa. In ruwan ya tsaya ba tare da turjiya ba, to, alama ce bututun ya tsage, yana yoyo a cikin bango. Sai a rufe makullin, a kira mai gyara tun ɓarna ba ta yi nisa ba.