Ina gishiri yake zuwa in ya shiga ruwa?

In aka zuba cokali guda na gishiri cikin kofin ruwa aka motsa, sai gishirin ya ɓace. Amma bai tafi ko'ina ba, gama ruwan ya yi zartsi. Gishirin ya rarrabu ne ƙanana-ƙanana, har ido ba ya ganinsa. Wannan shi ake kira narkewa. Gishiri da kanwa da sukari suna narkewa. Rairayi da alli kuwa sai su kwanta a gindin kofi.

Ruwa ma yana ƙoshi

Garam 100 na ruwa mai zafin digiri 20 yana narkar da garam 36 na gishiri kawai. Abin da aka ƙara bayan haka sai ya kwanta, ko an kwana ana motsawa. A nan sai a ce ruwan ya ƙoshi. In aka tafasa shi, garam 39 kaɗai zai ɗauka. Amma wani gishiri da ake sawa cikin takin zamani, mai suna nitarat na potasiyom, yana son zafi ƙwarai: garam 32 ke narkewa a digiri 20, garam 110 a digiri 60.

Yadda ake fid da gishiri

Ruwa yana tashi ya zama tururi, amma gishiri ba ya binsa. In ruwa ya ƙafe, gishiri yana nan. Mutanen Bilma suna haƙa ramuka, ruwan zartsi ya taru ciki, rana ta ƙafar da shi. Daga nan ake yin kantu, raƙuman ayari su kawo shi kudu. A Dallol Foga, wajen Gaya, ana kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba mata ruwa, a tace, a dafa ruwan bisa wuta har gishiri ya fito. Aikin kashi uku ne: narkarwa, tacewa, ƙafarwa.

Masu garka su kula da wannan. In ana ban ruwa da rijiya mai zartsi, ruwan ya kan tashi ya bar gishiri cikin ƙasa. A kwana a tashi ƙasa ta yi fari, shuka ta yi yaushi.

Gishiri a ɗakin gwaji

Ga masana kimiyya, gishiri iri-iri ne. Ana samunsa in abu mai tsami, wato asid, ya gamu da abu irin kanwa. In aka matsa lemun tsami bisa kanwa, sai kumfa ta taso, tsamin ya mutu, wani sabon gishiri ya samu cikin ruwan. Haka kuma in aka gama asid kuloridirik da soda daidai wa daida, aka ƙafar da ruwan, abin da zai saura shi ne gishirin miya. Amma asid da soda suna ƙona fata da ido. Malam kaɗai ke taɓa su, kuma ba a ɗanɗana kome a ɗakin gwaji.

Tambayoyi

1. Garam nawa na gishiri litar guda ta ruwa, wato garam 1000, za ta narkar a digiri 20?
2. Gishiri ya zube cikin rairayi. Yaya za a raba su?
3. Don me ƙasar wata garka take yin fari?